Gyambon Tsohon Tela

Wata bakwai ke nan gyambon da ke diddigen tsohon tela ya ƙi warkewa. Ciwon suga ne ya jawo masa. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune a ɗakin da ke bayan shagonsa, 'ya'yansa kuwa sai dai waya, ita ma jefi-jefi.

Duk Litinin da Alhamis yakan ɗingisa zuwa asibiti, inda wata nas mai barkwanci ke wanke masa ciwon. Wani lokacin daga wannan wanki zuwa na gaba ba ya magana da kowa.

Ran nan ya ce mata, "'Yata, wai me ya hana shi haɗewa?"

Ta ce, "Baba, a jikin mutum akwai wasu sinadarai masu aikin almakashi. In an ji ciwo, su ke tsaga nama kaɗan-kaɗan, su buɗe wa sababbin jijiyoyin jini hanya. To naka sun yi yawa. Kafin jijiya ta tsiro ta kama, sun datse abin da za ta jingina da shi."

Ya yi dariya har da tari. "Shekara arba'in ina yanka ban ɓata yadin kowa ba, ashe ɓarnar tana ƙafata!"

Ta sauya masa bandeji, ta sa irin wanda ke tsotse rarar sinadaran, ta kuma hana shi taka diddigen. Bayan mako uku ta ɗauko madubi ta nuna masa. Cikin ciwon ya yi jajir.

"Ka ga jan nan? Sababbin jijiyoyi ne. Saura ƙiris."

Ya yi hamdala, amma sai ya tuna in ciwon ya warke, zuwansa asibiti ya ƙare ke nan. Da ya koma gida ya zauna bakin gado, ya warware bandejin har rabi, ya daɗe yana kallon ƙafar. Kunya ta kama shi, ya mayar ya ɗaure.

Ranar da fata ta rufe, nas ta tafa hannu ta ce, "An sallame ka, Baba. Kada in ƙara ganinka a nan!"

Ya buɗe baki zai ba ta wani labari da ya tanada tun jiya, sai aka kira mai bi masa. Ya sa takalmi ya fito. A bencin baranda ya zauna cikin masu jiran layi har azahar, babu wanda ya tambaye shi abin da yake jira. Sannan ya tashi ya tafi gida a ƙafa.