Damisar Gindin Ɓaure

Direbobin da ke yawo da baƙi a gandun dajin Mara na ƙasar Kenya suna da wata al'ada wadda ko sabon shiga ya san ta: wanda ya gani, ya kira. In ka ga zaki ya kayar da ɓauna, sai ka ɗauki oba-oba, wato rediyon mota, ka gaya wa 'yan'uwa. Yau kai ka ba su, gobe su ba ka. Wanda ya ci shi kaɗai kuwa, sai ya wayi gari oba-obarsa ta yi tsit duk inda ya nufa, ya yi ta zagaye da baƙi yana nuna musu jakin dawa har su ƙosa su ce a mai da su masauki.

Koikai ya san wannan sarai, don ya tsufa a bakin sitiyari. Duk da haka, tun farkon damina yake ɓoye wa 'yan'uwansa wani abu. Can bayan fadama, a wata hanya da kowa ya daina bi saboda taɓo, akwai tudun duwatsu da tsohon ɓaure a kansa. A wani kogo a gindin ɓauren wata damisa ta haihu. Ɗa ɗaya ne ya rayu, bai wuce girman kyanwa ba, kansa ya fi ƙarfin jikinsa, in ya yi gudu sai ya kifa. Duk lokacin da aka aiki Koikai filin jirgi ɗauko kaya, sai ya ratse ta can shi kaɗai, ya kashe mota ya zauna. Uwar ta saba da shi har ta daina ɗaga kai in ya zo.

Ba rowa ce ta sa shi shiru ba. Kurayen Mara sun yi wayo, sun gane cewa duk inda motoci suka taru akwai nama, don haka sun daina wahalar da hancinsu, ƙarar inji kawai suke bi. Koikai ya san ranar da motoci suka yi dandazo a gindin ɓauren nan, ɗan damisar ya gama yawo. Abin da yake so kawai shi ne a ƙyale shi ya yi ƙwarin da zai iya hawa bishiya.

Wata rana da la'asar yana zaune a rumfar mai shayi a bakin ƙofar gandun, sai ga Gathogo ya ja benci ya zauna kusa da shi. Gathogo mutumin Nyeri ne, yankin manoma, direban wani kamfani na Nairobi, kuma amininsa, ko da yake shi Koikai jinin makiyaya ne. Shi ne ya taɓa shiga ruwa har ƙirji ya ɗaura wa motar Koikai igiya, lokacin da kogi ya so tafiya da ita, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Mutum ne mai surutu kamar rediyo, amma ran nan shayinsa ya huce a hannunsa bai kurɓa ba.

"Ɗan dankali, lafiya? Ko an ce maka farashin kabeji ya faɗi?" in ji Koikai.

"Bar ni, ɗan shanu. Baturen nan da nake yawo da shi zai ga bayana."

"Mai doguwar kyamarar?"

"Shi fa. Na nuna masa zakuna, ya ce yana da su. Na kai shi wurin giwaye har da jariri, ko murfin kyamara bai cire ba. Damisa yake so, ita kaɗai. Kullum sai ya buga wa ofis waya ya ce sun haɗa shi da makaho. Ɗazu manaja ya kira ni, ya ce in mutumin nan ya hau jirgi gobe da ƙorafi a bakinsa, in ajiye musu makulli."

Koikai ya ce, "Allah zai kawo ta. Ka gwada bakin kogi da sassafe."

Gathogo ya ajiye kofin, ya dube shi. "Koikai, tayarka ta baya akwai faci, na san sawunta kamar yadda na san tafin hannuna. Me kake zuwa yi bayan fadama? Shanunka ka kai can?"

Koikai ya karya capati, gurasar can, ya tsoma a shayi, ya kasa kaiwa baki.

"Ban tambaye ka a oba-oba ba, don kar in kunyata ka," in ji Gathogo, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ga ni gabanka nake tambaya. 'Yata tana ajin ƙarshe, ka san ta, kai ka yanka mata akuya ranar suna."

"Tana da ɗa," in ji Koikai. "Ƙarami ne ƙwarai."

"Mota ɗaya. Mu tsaya nesa, ya ɗauki hotonsa, mu juya. Ko tari ba zan yi ba."

Da wani ne, da Koikai ya ce bai san zancen ba. Amma mutumin da ya shiga maka ruwa har ƙirji ba ka iya kallon idonsa ka yi masa ƙarya. Suka shirya cewa da safe Koikai zai shiga gaba, Gathogo ya bi shi, kuma ba wanda zai taɓa oba-oba.

A nan suka yi kuskuren. Gathogo da ba ya iya minti biyar bai tsokani wani a oba-oba ba, ya yi gum tun fitowar rana. Direbobi kuwa sun fi jin shiru a kan magana. Wani daga cikinsu, Mutiso, yana kan tudu da baƙinsa suna kallon raƙuman dawa, sai ya hango motoci biyu sun bar hanyar kowa sun kutsa taɓo, ba sallama ba tsokana. Ya juya ya bi sawu. Da ya iso ya ga abin da ke nan, bai yi wata mugunta ba, abin da aka koya masa ya yi. Ya ɗauki oba-oba ya ce, "'Yan'uwa, mai ɗigo-ɗigo tana gindin ɓaure, bayan fadama. Har da ƙarami."

Koikai ya ji maganar ta fito daga tasa oba-obar.

Lokacin uwar ba ta kogon. Ta kama barewa da asuba ta rataye ta a wata bishiya a ƙetaren kwari, tana dawowa ke nan don ta ɗauki ɗan. Kafin ta iso motoci sun fara zuwa, wata bayan wata, suna watsa taɓo, baƙi tsaye kawunansu ta rufi. Kowane direba yana son nasa baƙon ya fi gani, kowa ya matsa kaɗan, har suka yi katanga tsakaninta da duwatsun. Ta tsaya a cikin ciyawa tana kaɗa wutsiya, ta yi nan ta ga taya, ta yi can ta ga taya.

"Ku buɗe mata hanya," in ji Koikai a oba-oba. "Don Allah, na gefen kwari ku ja baya."

"Wa zai ja? Akwai mota a bayana," in ji wani direba.

"Dattijo, kai da ka ɓoye ta wata da watanni, yau kuma kai ne mai ba da umarni?" wani ya ce, aka yi dariya.

Uwar ta yi kira, wani ɗan gurnani gajere. Ɗan ya ji, ya fito bakin kogo yana tangaɗi, yana neman ta inda muryar ta fito. Baƙi suka yi ta murna ƙasa-ƙasa. Koikai kuwa ba ɗan yake kallo ba, bayan motocin yake kallo, kuma ya ga abin da ya san zai gani: kuraye biyu suna tafe a kan sawun taya, ba sa ko sauri.

Ya danna odar motarsa. Doka ta hana, kuma bai taɓa yi ba tun da ya fara aiki, amma ya danna ya riƙe. Kurar da ta girma tsakanin motoci ina ruwanta da oda? Ta farkon ta bi ta ƙarƙashin wata mota ta ɓullo gaban kogon. Ɗan ya juya zai koma, ya kifa. Abin bai ɗauki lokaci ba. Uwar ta yi tsalle ta dira kan bonet ɗin wata mota ta faɗo gaban kogon, amma kurar ta riga ta nufi kwari da shi a bakinta, ɗayar kuma ta tare hanya. Kyamarori suka yi ta ƙara kamar ruwa a kan kwano.

Da yamma Gathogo ya same shi a bayan masaukin direbobi yana wanke motar da ba ta buƙatar wanki. Ya tsaya da hula a hannu.

"Baturen ya tafi," ya ce. "Ya rungume ni a filin jirgi. Wai bai taɓa samun hoto irin wannan ba. Manaja ya kira, ya ce in ci gaba da aiki."

"To, madalla."

"Wallahi ban taɓa oba-oba ba, Koikai."

"Na sani."

"Ka zage ni mana. Ka ce wani abu."

Koikai ya matse tsumman ya shanya. Da zai iya jin haushin Gathogo, ko na Mutiso, da ya samu sauƙi. Amma ya duba ya rasa wanda zai ɗora wa laifin. Ya ce, "Ka gai da yarinyar. Ka ce ta yi karatu."

Washegari aka ba shi sababbin baƙi, mata da miji daga Nakuru, malaman makaranta da suka yi ritaya. Sun tsufa a ƙasar nan ba su taɓa shiga gandun daji ba, 'ya'yansu ne suka haɗa musu tafiyar. Matar, Mama Cherono, ta saka sabuwar riga da ɗankwali kamar mai zuwa coci, komai ta gani sai ta taɓo mijin, ko da gadu ne. Koikai bai yi niyyar bi ta bayan fadama ba, amma sai ya ga hannunsa ya juya sitiyari can.

Ba kowa a wurin, sai ciyawa da tayoyi suka kwantar. Ya kashe mota. Can sai ga damisar ta fito daga kogon, ta hau dutse ta yi kira, ta saurara. Ta sauko ta zagaya gindin ɓauren, ta sake kira. Nononta ya cika har yana jan ciyawa.

"Baban Kiprop, dubi," in ji Mama Cherono da raɗa, ta damƙe hannun mijin. "Ranar farko, ka ga sa'a."

Damisar ta nufo su kai tsaye. Ta shinshina tayar gaba, ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin motar, ta yi kiran nan a hankali. Ta zagaya ɗaya gefen ta sake leƙawa.

"Ɗana, me take nema a ƙarƙashinmu?" in ji matar.

Koikai ya ce, "Ɗanta take nema, Mama."

"Ayya, tana da ɗa? Ɓuya yake mata ke nan, ja'iri. Haka nawa suka yi mini." Ta gyara zama ta ɗora jaka a cinya, fuskarta cike da fara'a. "To kar ka tada motar, ka ji? Mu ba sauri muke ba. Mu jira ya fito."

Koikai ya sauke hannunsa daga kan makulli, suka jira.