Kifin Lagdo da Kati na Biyar

Rosalie na cikin ɗaure kwalin kifi da igiya ta uku sai wayarta ta yi ƙara. 'Yarta ce Laetitia, daga Italiya.

"Mama, kada ki yi fushi. Mun sake tashi."

Rosalie ta saki igiyar. "Kun tashi zuwa ina kuma?"

"Sisiliya. Jiya wata ƙungiya ta ɗauki Fausto."

Shekara shida ke nan da Laetitia ta tafi karatun jinya ta auri Fausto, ɗan ƙwallo mai buga tsakiya, kuma a shekara shidan nan gari tara suka zauna. Duk sabon adireshi Rosalie kan rubuta shi da gawayi a bangon rumfarta ta kifi a unguwar Roumdé Adjia, ta ja wa tsohon layi. Bangon ya yi baƙi ƙirin. Ita kam ba ta taɓa ganin aikin banza irin wannan ba, a ce ƙato mai shekara talatin da huɗu yana yawo da gajeren wando daga gari zuwa gari, da matarsa a baya da cikin wata bakwai.

Cikin nan shi ne damuwarta. Laetitia ta rame, ba abin da ke zama mata a ciki, kuma makon jiya da kuka ta ce miyar yakuwa da kifin Lagdo kawai take so. Rosalie da kanta ta je bakin dam ta zaɓo kifin, ta kwana uku tana bandarsa a hayaƙi, har yanzu idonta na yaji. Viviane, wata 'yar cocinsu da ke aiki a Padova ta Italiya kuma ta zo hutu gida, ta yarda za ta kai, don tafiyar rabin awa ce daga gidanta zuwa nasu. Motar da za ta kai Viviane Ngaoundéré, a hanyarta ta komawa, za ta tashi ƙarfe huɗu.

Rosalie ta kashe wayar ba sallama, ta kira Viviane. Kafin azahar sai ga ta a kan babur.

"Tanti, pardon, ba zan iya ba," in ji Viviane. "Sisiliya fa tsibiri ce. Daga Padova ta fi nisan nan zuwa Douala, kuma hutuna ya ƙare."

"Sa shi a gidan waya, to."

"Kifi? Da warinsa? Shara za su jefa shi."

Habib, mahaucin da ke rumfar gefe, ya aje wuƙarsa ya goge hannu. Shi ne ya san kowace ƙungiya da Fausto ya buga wa, har waɗanda shi Fauston ya manta, kuma wannan ilimin nasa ya daɗe yana ba Rosalie haushi.

"Dada Rosalie, dakata," ya ce yana latsa waya. "Voilà! Ran sha takwas sabuwar ƙungiyarsa za ta je wasa can arewa, kusa da Padova. Viviane ta kai masa ƙofar filin, ya koma da shi gida."

"Wannan zan iya," in ji Viviane.

Rosalie ta sauke ajiyar zuciya. Mako guda da 'yan kwanaki ne, kifinta kuwa yakan yi wata biyu bai canja ba. Har ta sunkuya za ta ɗauki igiyar, sai ta ga Habib na sosa ƙeya.

"Mene ne kuma?"

"Katin gargaɗi huɗu gare shi bana. In ya ƙara ɗaya a wasan Lahadi, an hana shi wasa na gaba, wato na ran sha takwas. Ba za su tafi da shi ba."

"Me yake yi ake ba shi katin?"

"Taɗe mutane. Ai aikinsa ke nan, Dada. Ba ya cin ƙwallo, gudun ma ya ragu. Don taɗiyar ake ɗaukarsa."

Rosalie ta zauna a kan benci. Ashe shekara shida 'yarta na bin mutumin da sana'arsa taɗiya! Ta dubi kwalin, ta dubi baƙin bangon, ranta ya ɓaci har ta rasa wanda za ta zaga. Ta sake kiran Laetitia.

"Ba ni mijin naki."

Muryar Fausto ta zo da guntun Faransancinsa. "Bonjour, Maman!"

"Ba gaisuwa na kira ba. Laetitia, fassara masa. Ran Lahadi kada ya taɓa ƙafar ɗan kowa. In mutum ya zo da ƙwallo, ya matsa masa ya wuce."

Aka yi ƙus-ƙus a can, sannan Laetitia ta dawo tana danne dariya. "Ya ce wasansa na farko ne, in ya bari aka wuce shi koci zai aje shi a benci."

"A bencin ana tafiya da shi arewa?"

Habib ya gyaɗa kai. "Ana tafiya."

"To, ya zauna a bencin."

Ta ɗaure kwalin tam, ta ɗora wa Viviane a cinya, babur ya tashi. Ta ɗauki gawayi ta ja wa adireshi na tara layi, amma ba ta rubuta na goma ba. Ta juya wajen Habib, fuska a murtuke.

"Ƙarfe nawa ake wasan Lahadin? Kuma a gidan wa ake kallo?"