Lemo Biyu na Sabuwar Shekara

Sau biyu makullin yana faɗuwa daga hannun Makcik Salbiah kafin ya shiga kwaɗon. Daga cikin ɗakin wayar Ah Huat sai ruri take yi, ta katse, ta sake farawa. Rediyonsa kuma yana can yana zuba waƙoƙin sabuwar shekara da ganguna, kamar ba komai.

"Ah Huat! Kai, Ah Huat! Bakwai ta wuce fa! Kai ka ce in tashe ka. In na shigo na same ka ba riga, kai za ka ji kunya, ni maza uku na haifa!"

Shiru. Baƙaƙen takalmansa suna bakin ƙofa, an goge su sai ƙyalli suke, bakinsu na kallon hanyar lif, na'urar hawa da sauka bene.

To, bari mu ɗan koma baya, don a san yadda aka yi tsohuwa 'yar Malay, Musulma, da kowa ke kira Makcik, wato Goggo, ta riƙe makullin ɗakin tuzuru ɗan Sin. Shekara goma sha ɗaya suna maƙwabtaka a hawa na tara na wani dogon bene a unguwar Bedok ta Singafo, bango ɗaya ne tsakaninsu. In ya yi atishawa tana ji. In ta soya barkono, shi yake tari. Tasi yake ja a da, shekara ashirin da biyu, kuma babu lungun Singafo da bai sani ba. Sai ƙodarsa ta tsaya, duka biyun. Daga nan rayuwarsa ta koma Litinin, Laraba, Juma'a: awa huɗu a kishingiɗe, inji na wanke masa jini. Da kansa ya mayar da motar. Ranar ce ya kawo mata makullin, ya ce, "Riƙe, Makcik. Ba don komai ba, don tukwanen furena."

Ba shi da fure ko ɗaya. Ta karɓi makullin ta adana.

Ofishin tallafi na unguwa ya ɗauki nauyinsa, amma akwai takardar likita da ake cikewa, mai gida biyu. Gida ɗaya na wanda ba zai iya aiki ba ne sam. Ɗayan na wanda zai iya aiki mara nauyi. Likita ya ɗora biro a kan na farko, Ah Huat ya riƙe masa hannu. Shekarata hamsin da bakwai, in ji shi, ba a rubuta ni cikin tsofaffin kaya ba tukuna. Aka sa masa na biyu. Shi ke nan, duk wata shida sai ya je sabunta tallafin, da takarda a hannu mai nuna wuraren da ya nemi aiki.

Miss Devagi, yarinyar da ke riƙe da takardunsa a ofishin, ta yi magiya har ta gaji.

"Kawu, mu koma wa likita ya canza. Ba wanda zai zarge ka. Ka huta da wannan yawo."

"In huta in yi me? In zauna a ƙasan bene da tsofaffi muna ƙirga tattabaru?"

Haka ya yi ta yawo. Kantin saida kaya, wurin ajiye motoci, ɗakin wanke kwanuka. In ya dawo sai ya tsaya a tagar Makcik ya kwaikwaya mata su, har da gyaran tabarau.

"'Kwana uku a mako ba ka nan? To, Kawu, za mu kira ka.' Makcik, mutum goma sha huɗu ke nan za su kira ni. Ran da suka haɗu suka kira, sai na ɗauki sakatare."

"Ɗauke ni mana. Na iya cewa baya nan."

"Ke? Za ki riƙe su a waya awa biyu kina ba su labarin jikokinki."

Dariya suke yi. Amma ta lura ya daina sa riga mai gajeren hannu, saboda kumburin jijiyar da ake soka masa allura. Ta kuma lura ya fara rina gashinsa baƙi ƙirin, har rinin yana taɓa masa kunne.

Ana saura mako ɗaya sabuwar shekarar Sinawa, Miss Devagi ta samo masa wata dama: aikin gadi a wani rukunin gidaje, na zaune, a ɗaki mai fanka. An ce ya zo a gan shi ran Laraba da safe, rana ta uku ga sabuwar shekara. Wankin jinin ranar an yarda a mayar masa yamma. Mutumin nan kamar an sake haifar sa. Ya share ɗaki, ya manna jar takarda a ƙofa, ya sayi man takalmi.

Ran Litinin, ranar farko ta shekara, da hantsi ya ƙwanƙwasa mata ƙofa cikin sabuwar jar riga, da lemo biyu a tafin hannayensa, yadda yake yi kowace shekara. Al'adarsu ce: baƙo ya miƙa biyu, mai gida ya mayar masa da wasu biyu, arziki ya zagaya. Ta daɗe da koyon wannan, tun jajibiri take sayen nata ta ajiye. Ta karɓa, ta miƙa masa nata.

"Na ajiya ne fa, ba na ci ba. Na ga takardar likita da ke jikin firijinka. Ba lemo, ba ayaba."

"Na sani, Makcik, na sani."

Sai ta kalli agogon bango. "Tsaya. Yau ba Litinin ba ce? Me kake yi a nan da jar riga?"

Ya yi murmushi, ya sosa ƙeya. "Yau dai ba ni zuwa."

"Ba ka me?"

"Ba a shan magani ranar farko, ba a taka asibiti. Wanda ya buɗe shekara da asibiti, a asibiti zai rufe ta. Haka uwarmu ta raine mu. Bara na ce camfi ne, na je. Ba ki ga shekarar da na yi ba? Sau uku ana kwantar da ni, aiki ko na sharar titi ban samu ba. Bana da ƙafar dama zan shiga."

"Tun Juma'a fa rabonka da injin."

"Kwana ɗaya ne, Makcik. Ƙwaya ɗaya. Asabar da Lahadi ma ba na zuwa, na mutu?"

Da azahar wayarta ta yi ƙara. Nas ce daga wurin wankin, don lambar Makcik ce ta biyu a takardarsu.

"Makcik, Kawu Huat bai zo ba, kuma baya ɗaga waya. Lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Yanzu na gan shi. Sha'anin bikinsu ne."

Nas ta ja numfashi, da alama ba shi ne na farko ba. "Ki gaya masa akwai kujera har ƙarfe biyar na yau. In ya ƙi, gobe bakwai da rabi, kada ya makara. Kuma don Allah kada ya cika shan ruwa, kada ya taɓa lemo. In ya ji ƙafarsa ta yi nauyi ko numfashi ya yi wuya, a kira motar asibiti nan take."

Ta kai saƙon kamar yadda aka ba ta. Ta same shi yana guga, ya kunna turare a gaban hoton uwarsa, lemon nata biyu suna ajiye a gefen hoton. Idon sawunsa ya ɗan kumbura.

"Yau dai a'a. Gobe bakwai da rabi, na yarda. Ki buga min ƙofa."

"Zan kira Siew Geok in gaya mata."

"Makcik, kada ki yi min haka. Ƙanwata tana gidan surukanta, gida cike da baƙi. Ki kira ta da maganar ciwo a rana irin ta yau? Su ce ta jawo musu tsiya?" Ya ajiye dutsen gugar. "Ke da ciwon sukarinki, wata guda kike yi ba ci ba sha da rana. Na taɓa ce miki me ya sa?"

Bai taɓa ba. Hasali ma duk azumi rufe ƙofarsa yake in zai soya abu, don kada ƙamshi ya kai mata. Haka ake zama a benen nan: kowa da abin da ya gada, maƙwabci baya sa baki. Ta tsaya riƙe da ƙarfen ƙofarsa, maganar tana bakinta, ta haɗiye.

"To, Allah ya kai mu goben. Saura ka ƙona rigar."

"Ni? Shekara ashirin da biyu ina goge farar riga."

Maganarsu ta ƙarshe ke nan.

To, a safiyar Talatar nan, kwaɗon ya buɗe. Ta tura ƙyauren ƙarfe, ta tura na katako.

Yana zaune a kujerar roba, kansa ya karkata kan kafaɗa, har yanzu da jar rigar jiya. Farar rigar Laraba tana rataye a taga, hannayenta biyu a miƙe, karin guga kamar wuƙa. Takardar neman aikin tana kan tebur, ya riga ya cike layi na goma sha biyar da sunan rukunin gidajen, gurbin sakamako ne kawai babu komai. Gefen takardar kuma faranti ne, da ɓawon lemo biyu, an ɓare su a tsanake, an tattara 'ya'yan a gefe guda.

"Ah Huat," ta ce, a hankali yanzu. "Kai, tashi mana. Wasa ya isa."

Ta taɓa hannunsa, wurin jijiyar nan da kullum take kaɗawa kamar ƙaramin inji. Ya taɓa sa ta ta taɓa, ta tsorata, ya yi ta mata dariya. Yau babu motsi, kuma sanyi ƙalau.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ba ta san ta zauna a ƙasa ba. Wayarsa ta sake ruri a kan tebur, ta ɗauka, nas ce. Makcik ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kwana ɗaya ne fa. Ya ce kwana ɗaya ne."

Masu motar asibiti sun zo, 'yan sanda sun zo, an yi rubuce-rubuce. Ɗaya daga cikinsu ya kalli farantin, ya kalli takardar jikin firiji, ya ci gaba da rubutunsa. Da ma ya yi magana, da ya fi mata sauƙi.

A ƙasan bene aka kafa rumfar makoki, aka jera tebura goma sha biyu. Ko uku ba su cika ba. Mutanensa ba sa zuwa gidan mutuwa a kwanakin sabuwar shekara, sai suka yi ta aiko da gaisuwa ta waya. Abokan tasinsa biyu sun leƙo, sun sunkuya a gaban hotonsa, sun tafi da sauri. Makcik ce ta zauna tun safe, da mayafinta, tana ɓare gyaɗa ba ta ci.

Ran Laraba da safe Siew Geok ta zo ta zauna kusa da ita, idanu sun yi jajir. Makcik ta kwana tana juya maganar a ciki, ta kasa riƙewa.

"Ni na ba shi lemon. Kuma na san bai je ba. Nas ta kira ni. Na ce zan kira ki, ya hana, na biye masa."

Siew Geok ta kalli akwatin gawar. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da ɗan akwatin magani mai gida bakwai, ta ajiye a tebur. Gidan Litinin cike yake.

"Na hawan jini ne," ta ce. "Ni ma ban sha ba, Makcik. Da kin kira ni, ban san me zan ce masa ba."

Miss Devagi ta iso a lokacin, da kayan ofis a jikinta, riƙe da ambulan. Takardar komawa wurin likita ce, ta cike ta tun watan jiya, sa hannunsa kawai take jira. Ta tsaya tana juya ambulan ɗin, ta rasa wa za ta ba, sai ta mayar jaka.

Sai waya ta yi ƙara a cikin ledar kayansa da aka dawo da su. Siew Geok ta kasa ɗauka, ta miƙa wa Makcik.

"Mista Kwek Soon Huat?" Muryar namiji ce, mai sauri, daga wurin aikin gadin. "Ƙarfe goma muka ce. Yanzu goma da kwata. Yana hanya ne?"

"Baya nan," in ji Makcik.

"To, ki gaya masa in sha ɗaya ta yi bai zo ba, akwai mutum shida a layi."

Ya katse kafin ta ƙara kalma. Matan uku suka kalli wayar. Can saman bene wani gida ana buga ganguna, yara na ihu.

Da yamma Makcik ta hau sama don ta yi la'asar. Ba wanda ya tuna da takalman, suna nan a bakin ƙofa, ƙura ta fara sauka a kansu. Ta sunkuya da ƙyar, ta goge su da gefen mayafinta, ta mayar da su yadda ya ajiye.

A ɗakinta, a kan firiji, lemonsa biyu suna zaune gefe da gefe, ɗaya da ɗan ganyensa kore. Ta miƙa hannu, ta fasa. Ta shimfiɗa darduma.