Kofin da Aka Ware

Ƙwayoyin ne suka fara tayar mata da hankali. A aljihun jallabiyar Ghali ta same su, farare ƙanana a cikin ledarsu mai ƙyalli, an ɓalle kusan rabi. Khalida ta daɗe a tsaye gaban injin wanki tana jujjuya su. A iya saninta, mijinta ko ciwon kai ba ya yi.

Ba ta cika shekara a Riyad ba. Ghali ya daɗe da zuwa, yana tuƙa motar gidan wani attajiri, Abu Fahad, a unguwar Nasiriya. Da ya je Funtuwa aka ɗaura musu aure, ya dawo ya yi ta roƙon kafil ɗin nasa, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki, har ya yarda ya yi mata biza a matsayin mai girki. Aka ba su ɗan ɗaki a gefen ƙofar gida, wanda in mutum ya miƙe ƙafa sai ya taɓa bango. Ita ba ta taɓa ganin ƙanƙantarsa ba. A ɗakin nan suke shan shayi da kofi ɗaya, wani kofin silba da ta zo da shi cikin kayan ɗakinta. Ya kurɓa ya miƙo mata, ta juya daidai inda leɓensa ya taɓa ta kurɓa, shi kuma ya yi dariya ya ce, "Ke dai ba za ki girma ba."

Amma kwanan nan Ghali ya canza. Kullum yakan je gonar dabinon maigidan da ke Dir'iyya, safe da yamma, ya kai wa ma'aikata abinci ya ɗauko kayan miya. Da can da ƙorafi yake tafiya. Yanzu la'asar na gabatowa sai ya hau duba agogo, in aka tsare shi da wani aike fuskarsa ta ɓaci. Ya dawo hannuwansa na ƙamshin sabulu, ƙasa cike da faratansa. Jallabiyar da yake zuwa gona da ita ya hana ta wankewa. Ranar ma mantawa ya yi da ita a bayan ƙofa. Da ta ɗaga hannun rigar, sai ta ga wani farin abu ya bushe a kai, kamar kumfa.

Da azahar ta leƙa ta ƙofar baya wajen Gogo Rabi, wata dattijuwa 'yar Maraɗi da ke aiki a gidan maƙwabta, wadda ta fi shekara ashirin a ƙasar. Gogo ta karɓi ledar ta nisanta ta da idonta.

"Ke 'yar nan, ina kika samo wannan?"

"Tsinta na yi, Gogo."

"Tsintuwa a Riyad? Garin da ko ƙwallon dabino sai an share shi kafin ya huce? Ki faɗa wa wani." Ta rage murya. "Maganin farfaɗiya ne. Na ba ɗan uwar ɗakina ta fari a Jidda har na gaji. Safe da yamma, ba a saɓa lokaci. In an saɓa, sai ki gan shi ƙasa yana kumfa."

Khalida ta miƙa hannu ta karɓe ledar.

"Na angon naki ne ko?" Gogo ta ƙura mata ido. "Naku ba su yi bincike ba?"

"Sun yi. Kawuna da kansa ya je Malumfashi. Ya tambayi asali, ya tambayi kuturta, da taɓin hankali, da wannan ɗin. Aka ce gidansu fes."

"Gidansu fes, to shi fa? Mutum yana bayan teku shekara da shekaru, wa ya san abin da ya same shi? Namiji in yana son mace, har ƙafar katako sai ya ɓoye a wando." Ta kalli cikin Khalida da ya fara tasowa. "Ga ki da juna biyu. Ki raba kofi, 'yar nan. A yawu ake ɗauka, mu haka muka taso muka ji."

Da yamma Ghali ya shigo a gigice yana laluben aljihu. Ta riga ta mayar da ƙwayoyin inda ta same su. Tana kallo ya zaro su ta bayan hannu ya cusa a aljihun wando, yana yi mata murmushin da bai kai ido ba.

"Wani abu ka manta, Yaya?"

"Makullin rumbun gona ne. Yalla, sai na dawo."

Ƙarya. Ghali ya yi mata ƙarya, ido cikin ido, da muryar nan da ya taɓa ce mata in ba ita ba sai dai ya mutu gwauro. Ta zauna bakin katifa ta yi kuka har ta gode wa Allah. Ba ta ma san abin da ya fi ci mata rai ba: ciwon ne, ko ɓoyewar, ko ɗan da ke motsi a cikinta wanda bai san me ya gada ba.

Da ya dawo ya tarar ta haɗa shayi, amma kofi biyu ne a kan tire. Na silba a gabanta, wani shuɗin kofin roba da ta ɗauko daga kicin a gabansa. Ya kalli kofin, ya kalle ta.

"Mura nake ji tana son kama ni," ta ce, idonta a ƙasa.

"Allah Ya sawwaƙe," ya ce. Ya ɗauki kofin robar ya sha shayinsa.

Murar ba ta zo ba, kofin kuma bai koma kicin ba. Khalida ta zama mai gadin mijinta. In ya yi sujada ya daɗe, sai gabanta ya faɗi. In cokali ya suɓuce masa, ta ƙura wa yatsunsa ido. In ya fita kai yaran gidan makaranta, ta riƙa hango motar a babban titi tana tangaɗi, shi a kife kan sitiyari. Ta ga wani dogon yaƙushi a damtsensa, ya ce ƙayar dabino ce. Ta tambaye shi ko akwai wani a danginsu da ya taɓa faɗuwa, ya ce, "Faɗuwa daga ina? Daga jaki?" Ta yi dariyar dole. Sau da yawa ta ɗauki waya za ta kira mahaifiyarta, sai ta tuna abin da zai biyo baya: kawu zai ce an yaudare su, a ce ta dawo gida. Ta ajiye wayar. Tana son sa, tana tsoron sa, tana jin haushinsa, duk a ƙirji ɗaya.

Ranar wata Juma'a uwar gidan, Ummu Fahad, ta ce duk gida za a wuni a gona, Khalida ta zo ta dafa shinkafa da nama a can. Shi ne zuwanta Dir'iyya na farko. Daga mota ta hango tsoffin gine-ginen laka a kan tudu, kamar an ɗauko wata unguwar Katsina an dasa, ga manyan injinan gini sun kewaye su suna ta ƙura. Gonar tana can ƙasa a bakin kwarin Hanifa, dabino jere har ido ya gaji.

Bayan la'asar iyalin suka baje a ƙarƙashin rumfa suna shan gahawa. Tana wanke tukunya ta ga Ghali ya duba agogo, ya waiga dama da hagu, ya tsinci wani abu a kwanon ragowar nama, ya sulale bayan dabinai. Ta ajiye soso ta bi shi daga nesa. Ta ce a ranta, yau dai zan ga yana haɗiya da idona, in ga bakin da zai yi musu.

A ƙarshen gonar akwai wani tsohon ɗakin injin ban ruwa da aka daina amfani da shi. Ya shiga ya turo ƙofa. Ta lallaɓa ta kara kunne.

"Haba ɗan gidana, ka ga na makara ko? Yi haƙuri. Buɗe baki mana."

Ta tura ƙofar.

Kare ne. Ɗan matashin kare siriri mai dogayen ƙafafu, launin ƙasa, irin na farautar Larabawa, da kunnuwa masu gashi kamar siliki. An shimfiɗa masa tsoffin barguna, an naɗe duk wani ƙarfe na injin da buhu. Ghali yana tsugune, tsokar nama a hannunsa, farar ƙwaya a cuse a tsakiyarta.

"A'uzu billahi!" Ta ja da baya ta tattare abayarta. "Yaya Ghali, kare?"

Karen ya ƙi naman. Ya tsaya cak, idonsa ya kafe a bango, sai ya faɗi ta gefe. Jikinsa ya sandare, ƙafafunsa suka hau shure-shure kamar yana gudu a iska, haƙora na kaɗawa, kumfa na zuba.

"Rufe ƙofar, haske yana ƙara masa," in ji Ghali, muryarsa a kwance. Ta rufe ba tare da ta san ta yi ba. Ghali bai danne karen ba, bai kai hannu bakinsa ba. Ya janye kwanon ruwa gefe, ya durƙusa ta bayansa yana magana ƙasa-ƙasa. "Ina nan, Walƙiya. Ina nan. Yanzu zai wuce."

Ya ci gaba da magana, wannan karon da ita, idonsa a kan karen. "Maigida ya saye shi don farauta. Ranar da ya fara faɗuwa ya ce in kai shi sahara in sake shi. Na kai shi, Khalida. Na tayar da mota ya biyo ni da gudu, ya faɗi a kan yashi. Na kasa. Likitan dabbobin da ke duba tumakin gonar, wani Basudane, shi yake rubuta min maganin. Zafin ɗakin nan zai lalata ƙwayoyin, shi ya sa nake yawo da su."

"Me ya hana ka gaya min?"

"'Yar liman guda? Ke da ko a talabijin kika ga kare sai kin kau da kai? Kuma kullum kina kicin da Madam. In maganar ta suɓuce miki, ta gaya wa maigida. Da na ga kofin roba, na ce shi ke nan, ta ji warinsa a jikina, ƙyamata take."

"Ba haka ba ne." Hawaye suka zubo mata. "Ƙwayoyin na gani. Aka ce min na farfaɗiya ne. Na zaci kai ne. Na zaci ka ɓoye min."

Sai a lokacin ya ɗago. Ta yi tsammanin zai yi dariya, irin dariyarsa da ke cika ɗan ɗakinsu. Bai yi ba.

"Kin zaci ni ne," ya ce a hankali. "Shi ne kika ware min kofi."

"Gogo Rabi ta ce a yawu ake ɗauka. Ga ciki..."

"Ba a ɗauka. Na tambayi likitan, har rantsuwa na sa ya yi. Ba a mutum ba, ba a dabba ba." Ya mayar da idonsa ƙasa. "To da ni ne fa, Khalida? Da ni ne kwance a nan?"

Duk kalmomin soyayyar da ta iya, waɗanda take tura masa a waya tun yana saurayi, babu wadda ta zo.

Shure-shuren ya tsananta, karen ya zame daga kan bargo, kansa ya fara bugun siminti. Ghali ya miƙa hannu zai jawo bargon, amma nauyin karen na kai. Khalida ta warware mayafinta, ta ninka, ta durƙusa da cikinta da komai ta tura shi ƙarƙashin kan. Kumfa mai ɗumi ta gangaro bayan hannunta. Tsigar jikinta ta tashi, duk abin da aka raine ta a kai yana ce mata ta janye. Ba ta janye ba.

"Ina nan," ta ce. Ita kanta ba ta san da wanne daga cikinsu take ba.

A hankali ƙafafun suka lafa. Karen ya yi ajiyar zuciya, ya buɗe ido yana dube-dube kamar baƙon da ya sauka a tashar da bai sani ba. Ya yunƙura ya tashi yana tangaɗi, ya yi karo da gwiwar Ghali, ya shinshina, sai jelarsa ta motsa kaɗan. Ghali ya jiƙa tsumma ya goge masa tafin ƙafafu. Da ya ga ya dawo hayyacinsa sosai, ya miƙa masa naman, ya haɗiye har da ƙwayar.

Daga can nesa muryar Ummu Fahad ta taso. "Ya Khalida! Ina shayi?"

Suka fito bakin famfon da ke bayan ɗakin. Ghali ya ɗebi ƙasa ya zuba mata a tafin hannu, ya ɗebi tasa, suka cuɗa suka ɗauraye, suka sake ɗaurayewa. Yanzu ta gane ƙasar da take gani a faratansa.

"In Madam ta tambayi mayafinki fa?"

"Ƙayar dabino ce ta yaga shi."

Ya kalle ta ta gefen ido. "'Yar liman."

"A wajen wa na koya?"

Murmushi ya so ya zo masa, bai gama zuwa ba. Ta san akwai sauran magana a tsakaninsu, kuma ba yau za ta ƙare ba. Ghali ya tara hannuwansa a bakin famfo ya sha ruwa. Kafin ya zubar da ragowar, ta kama hannayen nasa, ta juyo su daidai inda bakinsa ya taɓa, ta sunkuya ta shanye.