Saukar Inna Zubaidatu

"Ku ɗaure ta da kyau, kada ta zame," in ji Hisham, yana tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu.

Rabi'a ce ta ɗaure ta da mayafi a jikin kujerar roba. Shekara da shekaru suna maƙwabtaka da Inna Zubaidatu a kan dutsen bayan titin Mansur, wanda kowa ke ce wa jabal, amma yau ta kasa haɗa ido da ita.

Kowa a saman nan ya san ƙa'ida: ba a mutuwa a jabal. Motar asibiti ba ta hawa, kuma in rai ya fita a ɗaki sai 'yan sanda sun hau sun gani da idonsu, alhali rabin masu kwana a wurin ba su da igama, takardar izinin zama. Da an ga mutum ya fara kakari, sai a sauke shi ya ƙarasa a ƙasa.

"Hisham, ɗana, ka bar ni a ɗakina," tsohuwar ta ce da ƙyar. "Ta tagar nan nake hango Masallacin Harami."

"Khalas, ya isa haka, ya Ummi. So kike a kwashe mutane saboda ke?"

Ɗan da ta raina da suyar ƙosai ke nan, wanda tun da ya koma unguwar Kudai a ƙasa hawan dutsen ya zame masa aiki. Rabi'a ta ji kamar ta kwaɗa masa mari. Sai dai nata mijin ma ba shi da takarda, don haka sai kawai ta ƙara ƙulli.

Maza biyu suka ɗauki kujerar. Matakala ƙunci, ga santsin ruwan wanke-wanke, ga rana ta take. Mata na leƙe ta ƙofa suna "Allah ya sawwaƙe", kowace hankalinta ya kwanta.

Ba su kai rabi ba kan Inna ya langaɓe. Rabi'a ta taɓa wuyanta, ta ji ba motsi. Ko kalmar shahada ba wanda ya laƙƙana mata.

"Ta cika," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ba ta cika ba," Hisham ya ce wa Rabi'a, bai ko waiwayo ba. "Sai mun kai titi. Ki ci gaba da yi mata magana, ya Khala."

Haka Rabi'a ta sauko tana hawaye tana tallafe da kan. "Sannu Inna. Mun kusa, sannu."

A bakin titi suka ajiye kujerar, Hisham ya koma gefe yana kiran mota. Wata mata riƙe da ledar burodi ta rusuna ta gaishe da tsohuwar, ta ɗan jira amsa, sannan ta wuce.