Kawunan Kifi Don Magen Mala Kyari

Magen ta sake amayar da tuwon. Gumsu ta durƙusa ta buɗe mata baki da yatsa. Haƙora biyu suka rage, dasashin ya yi jawur.

Shekara goma sha uku magen nan tana gadin buhunan gyaɗar mijin Gumsu, Mala Kyari, a Fagge. Da ya rasu, ƙaninsa Goni ya kwashe buhunan, ya kwashe sikelin, har tabarmar zaure. Abu biyu ya bari a ɗakin baya: Gumsu da magen. Wata bakwai ke nan bai aiko da ko mudun gero ba.

"Ba za ki mutu a hannuna ba," in ji Gumsu. Ta ja mayafinta.

*

Ba ta taɓa roƙo ba, kuma ba a Fagge za ta fara ba. Ta taka har kasuwar Sabon Gari, ta tsaya gaban Monica mai busasshen kifi.

"Kawunan nan da kike zubarwa, ki ba ni. Na mage ne."

Monica ta tuntsire da dariya. "Mama, magen Fagge har aike take yi?"

"Ta tsufa. Ta gama nata aikin."

Monica ta ƙunsa mata a ganye.

A hankali Gumsu ta gano abin da cikin magen ke karɓa. Takan daka kawunan, ta tankaɗe da rariya kada ƙaya ta wuce, ta dama da tsakin da ake ba ta in ta yi wa maƙwabta surfe. Ba gishiri, ba nono, don duk biyun suna ɓata wa magen ciki. Ita kuwa, abin da ya maƙale a tukunya shi ne nata.

A mako na huɗu Monica ta ga warwaron Gumsu ya zame har gwiwar hannu. Ta ƙara kifi guda a ƙunshin, da ɗan barkono.

"Mage ba ta cin barkono," in ji Gumsu, fuska a ɗaure.

"Tawa tana ci, Mama." Monica ba ta ɗago ba. "Ki gwada taki."

Gumsu ta dubi ƙunshin. Sannan ta karɓa.

*

Ran da Goni ya zo duba ɗakin da zai zuba fatu, ya tarar da magen a bakin ƙofa tana lasar jikinta, gashinta na sheƙi.

"Masha Allah, magen Yaya ta murmure! Ciyar da mage akwai lada, Gumsu. Gobe zan aiko mata da nono."

Bai dubi ramammen hannun Gumsu da ke riƙe da muciya ba.

Washegari ƙwaryar ta iso, 'yar ƙarama, daidai cikin mage. Gumsu ta dube ta, yawu ya taru a bakinta. Ta haɗiye. Ta ɗauki ƙwaryar a cike ta ajiye a ƙofar gidan Goni, ta gyara mayafi, ta kama hanyar Sabon Gari.