Layi na Bakwai a Bangon Baba

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ƙwace wa Baba baki da hannun dama, amma taurin kan nan nasa ko gezau bai yi ba. Da hagu ya koma riƙe alli. A bangon ɗakinsa, saman gado, ya rubuta 142857. A ƙasa ya sa 285714, sai 428571, ya yi ta gangarowa har layi shida.

Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Yaya, ya tsaya a kan rubutun yana girgiza kai.

"Kin gani ko, Auta?" ya ce wa ƙanwarsa. "Lambobi shida ne kacal yake ta juya su. Ko kwafar ta farkon ya kasa. Kan ya tafi. Asibitin ƙwaƙwalwa za mu kai shi, a fente bangon nan."

Baba na jin su sarai, ransa na tafasa. Da ya ga dama, alamar "sau" ta lissafi guda ɗaya zai zana, gardama ta mutu. Amma duk zamansa na malamin lissafi bai taɓa nuna wa ɗalibi hanya ba sai ɗalibin ya yi gumi, kuma ba a kan 'ya'yan cikinsa zai fara ba. Su da ya koyar da hannunsa! Abin kunya.

Ranar tafiya mota ta tsaya a ƙofar gida, an haɗa jaka. Yaya ya kamo hannunsa, Baba ya fizge. Ya ja ƙafa zuwa bango, ya buga allin a ƙasan layi na shida inda babu komai, ya miƙa wa Auta. Ya kafe ta da irin kallon da yake yi mata tana yarinya in ta tsallake aikin gida.

"Baba, don Allah, direba na jira," in ji Yaya.

Auta ba ta motsa ba. Tana haɗa layin farko da kansa a zuci. Sai ta dafe ƙirji.

"Yaya, ba ruɗewa ba ce. Na biyun nan, na farko ne sau biyu. Wancan sau uku, har zuwa shida. Lambobin zagayawa kawai suke yi, jerinsu ba ya ɓaci."

"To sai me?"

"Sai sau bakwai. Shi yake tambaya."

Ta durƙusa a kan gadon ta yi lissafin a gefe, hawaye na hana ta gani. Ta rubuta 999999.

Baba ya karɓi allinsa, ya ja mata doguwar alamar daidai. Daga nan ya juya, ya kamo gaban rigar Yaya, ya zana masa ƙaton sifili a kan aljihu. Ya koma bakin gadonsa ya zauna daram, ya nuna jakar da yatsa, alamar a mayar da kayansa inda aka ɗebo su.